Hular da Ba Ta Kwanta Ba

Jiya da la'asar 'yata Nazifa ta turo mini hoton wata hula a waya, ta rubuta a ƙasa: "Mama duba, wai ɗinkin hannu ce. In saya wa Kamalu?" Kamalu mijinta ne. Na ja hoton da yatsa biyu har zaren ya fito ɓaro-ɓaro, na ce mata ta inji ce, ta bar musu kayansu. Ta turo 'yar fuskar nan mai dariya da hawaye, ta ce, "Ke dai Mama komai kin sani." Ban san komai ba. Hula dai na sani, kuma yadda aka yi na san ta zan gaya muku yau, duk da akwai wurin da har gobe nake jin kunyarsa.

Sunana Tasalla. A Kauran Namoda aka haife ni, a unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda in jirgi ya yi kuka kwanonin jeren ɗakin Innata sai sun amsa. Babana Malam Hashimu shekara talatin da biyu ya yi yana ba jirgi hannu, tuta ja a hagu, koriya a dama. Ya yi ritaya a shekarar da ta biyo bayan samun jiharmu ta Zamfara, lokacin da kowa ke ta murna yana ɗinka sababbin kaya yana nufar Gusau neman aiki. Mu a gidanmu murnar ba ta daɗe ba, domin a daminar shekarar Inna Kubura ta rasu. Ta bar ni da Baba mu biyu a gida mai ɗaki uku, ta bar wani kwando cike da zare da allurai da ƙyallaye masu zane, saboda ita ɗinkin hula take yi a ɗaki, kuma a wurinta na koya tun ban iya ɗaurin ɗankwali ba.

Baba, mutumin da ya saba tashi da agogo, yanzu ba jirgi, ba mata. Kullum da safe sai ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki, ya tafi tasha ya zauna a benci har hantsi, ko da jirgi ko babu, kuma a lokacin an fi samun babu. Ya dawo ya ci abinci kamar mai shan magani. Wata rana ina shara ya ce, "Tasalla, ɗauko min kwandon innarki." Na ɗauka kallo zai yi ya mayar. Sai na ga ya zaɓi ƙyalle, ya lashi bakin zare, ya yi ta neman kafar allura har na karɓa na zura masa.

Allah Ya ji ƙan Baba, amma hannunsa na riƙe ƙarfe ne, kuma idonsa ya fara rauni. Tabarau kuwa ko sunansa ba ya son ji. Cewa yake idon da ya saba hango fitilar jirgi tun tana kamar tauraro ba ya bukatar gilashi. Ya yini yana ɗinki, da yamma ya ɗaga ya duba, abin kamar sawun kaji a tsakar gida bayan ruwa. Ya naɗe ya tura ƙarƙashin tabarmarsa, kamar yadda ya saba ganin Inna tana yi. Ita fa hular da ta gama take sawa a nan don ta miƙe, amma Baba bai taɓa tambayar dalili ba.

Washegari da ya tafi tasha na shiga share masa ɗaki, na ɗaga tabarma na gani. Tausayi ya kama ni har na zauna a wurin. Na ce bari in warware layi biyu kawai in gyara, ba zai lura ba. Layi biyu ya zama huɗu, kafin in ankara na sake aikin gaba ɗaya, na naɗe yadda ya naɗe na mayar.

Da hantsi ina bakin murhu na ji kira.

"Tasalla! Taho ki ga ikon Allah!"

Na taho da sauri. Na same shi tsaye a ƙofar ɗaki yana riƙe da ƙyallen a rana, yana dariya. Tun ranar da aka fita da Inna ban ga haƙoransa ba sai ranar.

"Ya kwanta! Ɗinkin ya kwanta! Ashe abin da innarki ka yi ke nan ban sani ba. Zare sai ya kwana ƙalƙashin nauyin mutum sannan shi zamna. Haka sabon dogo yake, sai jirgi ya taka shi yake daidaita."

Masu karatu, ku faɗa mini gaskiya, wace ce a cikinku za ta buɗe baki a nan ta ce, "Baba, ni ce"? Ni dai ban iya ba. Cewa na yi, "Kai, Baba, ya yi kyau," na koma kan tukunyata. Ranar ya ci tuwo malmala biyu.

Haka muka zauna. Shi ya ɗinka da rana, ni in warware da safe. Ya gama hula ya ba liman, ya gama wata ya sa ranar Juma'a, mutane suna yabawa yana cewa ai ba komai, ɗan abin rage zama ne. Da abin ya tsaya a nan da sauƙi.

Sai aka ƙaddamar da Shari'a. Garinmu ya canja cikin 'yan makonni: mu mata muka koma dogayen hijabai, aka ce mace ba ta hawa bayan mai kabu-kabu, sannan majalisar karta ta tsofaffin ma'aikata da ke gindin itacen bedi a bakin tasha ta watse. Dattawan nan suka rasa inda za su kai yininsu. Baba ya ce su zo zaurenmu ya koya musu sana'a. Mutum huɗu suka amsa, amma biyu ne suka fi naci: Malam Jibrin, tsohon ma'aikacin gidan waya, mai sanyin magana, da Mainasara, tsohon duba-gari, wanda bakinsa ba ya hutawa. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsu jere a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, kowa ya kanne ido ɗaya yana farautar kafar allura, rediyo yana magana ba mai sauraronsa. Ina kai musu kunun tsamiya in ajiye a bakin ƙofa. Ban ƙara ganin zaure mai daɗi irin wannan ba.

Darasin farko da Baba ya ba su shi ne na tabarma. Bayan kwana uku ina daga tsakar gida na ji muryar Mainasara.

"Hashimu, kai dai hwaɗi gaskiya. Ni tawa kwana ukku ina kwana bisanta, har matata na sa ta hau. Ba ta kwanta ba, sai ma ƙara karkacewa da tay yi!"

"Wace irin tabarma gare ka?"

"Ta roba."

"To ka ji! Ta kaba aka so. Ku kawo su nan, in sa ƙalƙashin tawa."

Na saki muciya. Daga ranar aikina ya ninku. Da zarar Baba ya fita tasha sai in rufe ƙofar gida, in baje ƙyallaye biyar a ɗakinsa, in yi ta fama har in ji sallamarsa daga nesa yana gaisawa da mai shayi. Ni bahaguwa ce, an dai hana ni ci da bayarwa da hagu tun ina ƙarama, amma allura ta ƙi komawa dama. Saboda haka ɗan yatsana na dama, wanda ke tare allura ta ƙasa, ya zama kamar rariya.

Ranar wata Juma'a na warware ƙyallen Mainasara, sai ga 'yar takarda a naɗe cikin ninkin. Na ɗauka lissafin cefane ne. Na buɗe.

"Zuwa ga mai hannun hagu. Kawuna ya ce tabarmar Malam Hashimu tana gyara ɗinki. Na duba, na ga tabarmar bahaguwa ce, domin layinta daga hagu yake tashi, kuma tana ɓoye bakin zare yadda ko a gidanmu ba kowa ya iya ba. Ba zan faɗa wa kowa ba. Sunan tabarmar kawai nake son sani. Muhtari, Shinkafi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Daga baya na gane yadda aka yi. Mainasara duk Alhamis yana zuwa kasuwar Shinkafi, yana sauka gidan ƙanwarsa, yana baje hularsa ana yaba masa. Gidan kuwa gidan maɗinka hula ne kaka da kakanni, ɗan ƙanwar tasa Muhtari ne kawai ya fita ya zama malamin firamare. Na yini ina ce wa kaina ba zan ba da amsa ba. Laraba da safe na yagi takarda na rubuta: "Tabarma ba ta da suna. Ka ce wa kawunka ya daina jan zare kamar mai ɗaure akuya." Na tura cikin ninkin.

Wata biyar Mainasara yana kai mana wasiƙa yana kawowa bai sani ba, ga tsohon ma'aikacin gidan waya zaune kusa da shi, shi ma bai sani ba. Ku 'yan yanzu da kuke fushi in an ga saƙonku an yi minti biyar ba amsa, ni kwana bakwai nake jira. Muhtari ya ba ni labarin ɗalibansa, na ba shi labarin Inna. Ya tambaye ni launin da na fi so, na ce ruwan ƙasa, mako na gaba sai ga silin zare ruwan ƙasa a cikin takardar. Ban san fuskarsa ba na fara sonsa, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Ranar da ya zo, ya rako kawunsa ne wai ya gaida malamin zaure. Na sa atamfata mai ganyen kuka, na ɗora hijabi ruwan ƙasa, na sa kwalli sau biyu saboda na farko ya karkace. Na kai ruwa, na miƙa da dama kamar 'yar kirki. Dogo ne, baƙi, siriri, da kaftani ruwan toka wanda aka goge har ya yi kaifi. Bai kalli fuskata ba. Ɗan yatsana ya kalla, ya yi murmushi, ya ce, "Sannu da aiki." Baba kuwa ya zaunar da shi ya yi masa darasin tabarma tun daga farko, shi jikan maɗinka, kansa a sunkuye yana cewa, "Na ji, Baba. Allah Shi ƙara basira." Wallahi a nan ya gama da ni.

Bayan wata guda manyansa suka zo, Baba ya ba su. Ni ce na fara ja da baya. Na ce a bari a yi girbi. Aka yi girbi, na ce a bari azumi ya wuce. Ya wuce, na ce ba a gama haɗa kayan ɗaki ba. Sai ga Gwaggo Indo, yayar Baba, ta sauka daga Zurmi da ƙullin kayanta da buhun daddawa, ta ce ba ta komawa sai ta ga ƙarshen wannan wasa.

"Ke mi kika jira? Yaro ga shi da aiki, ga natsuwa, gidan mutunci. In ba ki son shi ki hwaɗi, ba mai yi miki dole."

"Ina son shi, Gwaggo."

"To mi an na jan ƙahwa? Sa'o'inki duk sun yi goyo."

"Baba nika tunani. Wa za ya dahwa mai?"

"Ni na mutu? In zamna nan har shi samu mai kama mai. Kawo wata."

Ba ni da wata da zan iya faɗa. Tambayata ɗaya ce: in na tafi Shinkafi, wa zai ɗaga tabarma? Gwaggo ta sa aka tsayar da rana, mako biyu bayan Babbar Sallah. Baba ya shiga zaure ya sanar da abokansa cewa tabarma ta tafi hutu, ba ta karɓar aikin kowa, domin hular ango zai ɗinka da hannunsa.

Juma'ar da ta biyo Muhtari ya zo zance bayan la'asar. A zaure muke zama, ƙofa a buɗe, shi a wancan bango ni a wannan, Gwaggo tana daga ciki tana tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa. Ya rage murya.

"Roƙo gare ni, Tasalla. Hulag ga da Baba ka yi min, kar ki taɓa ta."

"Ka san abin da kaka hwaɗi kuwa?"

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Ba ka ga huskarshi ba ranar da yaf fara cewa ta kwanta. Ba ka ga yadda yake kahin nan ba."

"In kin tahi fa? Za shi ɗaga tabarma gaban Kawu Mainasara, kin san bakin Kawu. Gara shi sani kina cikin gidan, da shi sani shi ɗai. Kuma ni ta Baba nika so. Taki, in Allah Ya yarda, ina da sauran rayuwa da zan sa."

Na tashi ban yi masa sallama ba. Haushinsa na ji ƙwarai, irin haushin da kake ji in mutum ya faɗi abin da ka daɗe kana rufewa. Na ce a raina, shi wa ye da zai zo daga Shinkafi ya koya mini yadda zan so ubana?

Da safe Baba ya fita, Gwaggo ta shiga maƙwabta barka, na ɗauki allurata na shiga ɗakin. Na ɗaga tabarma. Zanen da ya zaɓa shi ne wanda Inna ta fi so, mai 'yan gidaje jere, da zare shuɗi da fari. Layin ya hau ya sauka, wani wuri ya tsallake zanen gaba ɗaya, wani wuri ya soka sau uku a rami ɗaya har ƙyallen ya tattare. A gefe akwai ɗan ɗigon jini da ya bushe. Na sa tsinin allura zan ɗaga zaren farko, sai na tsaya. Shekara uku mutumin nan yana zubar da idonsa a kan ƙyalle, ban taɓa bar masa ko layi ɗaya ya kwana biyu a duniya ba. Na naɗe na mayar, na fita na yi kukana a bayan rumbu.

Ranar farko da Baba ya dawo ya duba, ya ce wataƙila bai kwanta daidai kanta ba. Ta biyu ya ɗora dutsen niƙa a gefen tabarmar. Ta uku bai fita zaure ba, ya aika a ce wa abokansa kansa yana ciwo. Tuwon da na kai masa haka na ɗauke shi.

Rana ta huɗu na gama shara ina jiran in ji fitarsa, shiru. Rana ta fito sosai, shiru. Sai na ji ya kira ni, ba da ƙarfi ba.

Na same shi zaune a tsakiyar tabarma, ba rigar aiki a jikinsa. Ya jera hulunan da yake sawa a gabansa guda uku, kyawawa, ga ta ango a kan gwiwarsa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

"Tasalla, ni ma'aikacin dogo na. In abu ya ɓaci, bi mukai ɗaya-ɗaya har mu gano inda yal lalace. Tabarma ita ta. Zare shi na. Nauyina bai rage ba." Ya ɗago ya dube ni. "Abu guda na ban taɓa bincika ba. Ban taɓa zamnawa gida da sahe ba. Miƙo hannunki."

Na miƙa hagu.

"Ɗayan."

Ya kama ɗan yatsana ya kai shi kusa da idonsa, kusa sosai, har ina jin numfashinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya sake shi a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun ta hwarko, Baba."

"Ta liman?"

"Ni ta."

"Ta Jibrin, wadda yas sa ranar sunan jikanshi, yana hwaɗa ma mutane ni nik koya mai?"

Na gyaɗa kai.

"Cikinsu duka babu tawa ko guda?"

Na nuna wadda ke kan gwiwarsa. Ya dube ta, ya shafa layin nan mai hawa da sauka da babban yatsansa. Da zagina ya yi, ko ya ɗaga hannu, da na fi jin sauƙi. Tsufa na ga ya sauko masa a zaune, ni kuma na jawo shi.

"To wagga mi yas sa kib bar ta? Tausai ya ƙare?"

"A'a, Baba. Muhtari yac ce in bari."

"Ya sani ke nan. Ina mai darasi, yana cewa Allah Shi ƙara basira, ya sani."

"Tun kahin shi zo gidan ga."

Na ji Gwaggo ta daina daka a tsakar gida. Baba ya jawo kwandon Inna, ya lalubo allura, ya yi ta neman kafarta da zaren shuɗi. Na miƙa hannu zan karɓa kamar kullum, ya kauce.

"Bari. Tashi ki rubuta mai takarda, tunda kun iya. Ki ce ina neman shi ranar Jumma'a, gaban Mainasara da Jibrin."

Na miƙe. Har na kai ƙofa ya ƙara magana, idonsa yana kan allurar da har lokacin bai samu kafarta ba.

"Ki ce mai shi taho kai ba hula. Tawa za shi sa."